Ayata Ce, Ni Zan Karanta

Uwar zumuntarmu ta tsallake ni a karatun Littafi Mai Tsarki, a gaban mata sama da talatin, bayan na je har gabanta na gaya mata da bakina cewa yanzu na iya karatu. Abin da ta yi mini ke nan. Ban yafe mata a ranar ba, kuma ba zan rubuta a nan cewa na yafe don a ce da ni mace mai haƙuri ba. Masu haƙuri suna da yawa a cocinmu, ba sai an ƙara da ni ba.

Bari in faɗi yadda muke yi, saboda wanda bai taɓa zama a zumuntar mata ba. Kowace Laraba da ƙarfe huɗu na yamma mukan taru a coci. Mu jawo bencuna mu yi da'ira, a buga tulu, a yi waƙa biyu ko uku, sannan a buɗe surar da aka sanar tun makon da ya wuce. Ba mace ɗaya ke karanta ta duka ba. Aya-aya ake bi, a fara daga hannun daman uwar zumunta, kowace ta karanta tata, ta kusa da ita ta ɗauka. To amma a cikinmu akwai waɗanda ba su taɓa shiga aji ba, mu bakwai ne ko takwas, kuma uwar zumunta ta san mu ɗaya bayan ɗaya. In layi ya zo kanki, sai ta leƙo ki ta saman tabarau, ta yi murmushi, ta ce, "Allah ya yi miki albarka, Mama," ta nuna ta gaba da biro. Shi ke nan, an wuce ki. Littafinki na buɗe a cinya kamar na kowa, kina kallonsa kamar kowa, wata rana ma a juye yake ba ki sani ba.

Shekara ashirin da biyu ina karɓar wannan albarkar. Na ƙoshi da ita.

Ni 'yar kudancin Borno ce, kuma ni ce babba a ɗakinmu. Lokacin da sa'o'ina ke tafiya makaranta, ni ina bayan awaki da ƙanwata a goye. Ba wanda ya yi don mugunta, haka manya suka ga ya dace. Aure ya kawo ni Maiduguri, na kama sana'ar gumi. A kawo mini shanshera, wato shinkafa mai ɓawo, daga Zabarmari, in jiƙa, in turara a rabin duro, in shanya a tampol, a kai inji. Hannuna ya san shinkafa. In na ciji ƙwaya ɗaya zan gaya maka ko ta sha rana ko da saura. Amma Maganar Allah, sai wani ya tauna ya sa mini a baki.

Baban yara shi ke yi mana sujadar safe. Kafinta ne, ya gama firamare, kuma mutumin kirki ne, wannan ba zan ɓoye ba. Sai dai karatunsa kamar na wanda hadari ya biyo. Kafin in kama kan magana ya kai ƙarshe, ya rufe, ya ce mu yi addu'a. In na ce ya maimaita wani wuri, sai ya ce, "Mamansu, ai fasto zai bayyana ranar Lahadi." In ya makara, ya ce yau addu'a kawai. In ya samu aikin rufi a wani gari, sai a yi mako biyu ba a buɗe Littafi a gidan ba. Yaran kuwa 'yan makarantar turanci ne, in suka ga Hausa a rubuce sai su yi ta in'ina suna dariya, har in ƙwace in ce su tafi.

A shekarun da gari ya rikice, akwai lokacin da hanya ta rufe da baban yara a wani gari, mu kuma aka hana fita, kwana uku ba wanda ya leƙa ƙofa. Na zauna a tsakar ɗaki da rana tsaka, Littafin na hannuna, ana jin ƙara daga nesa. Akwai maganar da zuciyata ke nema a ciki. Na san tana nan, na sha jin ta a coci, amma ban san ta inda zan shiga in same ta ba. Na yi ta shafa shafi da tafin hannu. Ban taɓa jin yunwa irin ta ranar ba, ga kuwa buhunan shinkafa jingine a bayana.

Hajja ce ta fitar da ni daga wannan yunwa. Maƙwabciyata ce, katanga ɗaya ta raba mu. Mutanensu makiyaya ne a da, yanzu mijinta dillalin raguna ne. Wata yamma ta leƙo ta saman katanga ta ce, "Wushe, sannu da aiki, mai shinkafa. An buɗe ajin manya a firamaren unguwa, bayan yara sun tashi. Ni zan je, na gaji da miƙa wa mutane wayata su duba mini wanda ya kira. Ke kuma zauna nan ki tsufa da duronki."

Na ce, "Hajja, da shekara arba'in da bakwai?"

Ta ce, "To jira ki kai sittin. Ƙila a lokacin kan ya fi laushi."

Muka je. Bencin yara ne, gwiwoyinmu na dukan tebur. Hannun da ke ɗaga duro cike da jiƙaƙƙiyar shinkafa, da ya riƙe fensir sai ya kasa juya shi. Na yi fushi da harufa, na yi fushi da malama, na fasa sau biyu, Hajja ta zo har ɗaki ta ja ni. Ranar da na fara karanta aya ɗaya ni kaɗai, ba mai taya ni, a bakin murhu nake. Na shagala ina haɗa baƙi da baƙi har shinkafar ta wuce gumi ta kama hanyar zama tuwo. Duro guda na yi asara, kuma ko a jikina.

Daga nan na kafa wa kaina ƙa'ida. Da an yi kiran asuba a masallacin unguwa sai in tashi, in hura wuta, in ɗora duro, in zauna a kujera 'yar tsugunne in buɗe Littafi. Da yatsa nake bi, da murya kuma, don in ban ji da kunnena ba ba ya shiga. Wata rana aya biyar, wata rana uku, wata rana ɗaya ta riƙe ni har gari ya waye. In na gama sai in yi addu'a a kan abin da na karanta. A da addu'ata kamar gaisuwar hanya take, kalmomin jiya su ne na yau. Yanzu ina da abin faɗa. Ina tambaya, ina godiya, wani lokaci har gardama nake yi da Ubangiji, in ce wannan wurin ban yarda da shi ba tukuna, a ba ni lokaci. Wata goma sha ɗaya ban fasa ko safiya ɗaya ba, har ranar da zazzaɓi ya kwantar da ni, a kwance na karanta.

Duk wannan ban gaya wa zumunta ba. Sun san ina zuwa ajin manya, har ana tsokanata da 'yar aji ɗaya, amma na ci gaba da karɓar albarkata ina shiru, don ba na son in buɗe baki in ji kunya. Sai da na tabbata. Wata Laraba bayan an tashi, na tsaya na jira uwar zumunta ta gama haɗa takardunta.

Kada a ɗauka muguwa ce. Tsohuwar shugabar makarantar firamare ce, ta yi ritaya, shekarunmu kusan ɗaya. Ba majinyacin da ba ta zuwa dubawa. Da baban yara ya faɗo daga kan rufi ya karye, ita ta fara zuwa da kwanon abinci. Shi ya sa abin ya fi ci mini rai. Da maƙiyiya ce da na san inda zan ajiye shi.

Na ce, "Mama, mako mai zuwa in layi ya zo kaina, zan karanta."

Ta ce, "Kai, madalla! Mai shinkafa an zama malamai." Ta dafa kafaɗata. "Allah ya taimaka."

Na ce, "Da gaske nake, Mama."

Ta ce, "Na ji, na ji."

Surar da aka sanar doguwa ce, ta wuce aya talatin. Labarin mutanen nan ne da suke cikin jeji, kowace safiya su fita su tsinci abincin ranar a ƙasa, wanda ya yi wayo ya ɓoye na gobe ya tarar ya yi tsutsa. Ba sai fasto ya bayyana mini wannan ba. Duk mai gumi ta san abin da ke faruwa da jiƙaƙƙiyar shinkafa in aka ce a bar ta sai gobe.

Na ƙirga wurin zamana. Kullum a gindin taga nake zama, kusa da ginshiƙi, ni ce ta goma sha huɗu daga hannun damanta. Ke nan aya ta goma sha huɗu ce tawa. Amma na san matanmu: wata za ta makara ta zo ta cusa kanta a tsakiya, lissafi ya goce. Saboda haka na ɗauki surar gaba ɗaya. Safiya bakwai ina bin ta daga farko zuwa ƙarshe. Baban yara ya ce, "Mamansu, jarrabawa za ki rubuta ne?" Hajja kuwa ta katanga ta ce, "Don Allah ki canza labari, har ni na haddace mutanenki masu tsince-tsince."

Ranar Laraba na wanke zanen zumunta na goge shi. Ƙarfe uku da rabi ina coci, na riga kowa. Ba wadda ta cusa kanta, lissafi ya tsaya daidai. Aka yi waƙa, aka buɗe sura, karatu ya taso. Ta goma, ta sha ɗaya, ta sha biyu. Yatsana na kan ayata, har ya jiƙa takardar da gumi. Ta kusa da ni ta gama ta sha uku. Na ja numfashi, na buɗe baki.

"Allah ya yi miki albarka, Mama."

Biron ya riga ya wuce ni.

Na ce, "Na ce zan karanta."

Uwar zumunta ta dakata da biron. Ta leƙo ni ta saman tabarau, murmushin nan na nan. Ta ce, "Mai shinkafa, na tuna. Amma dubi surar nan da tsawo, ga yamma ta yi, masu nisa za su rasa keke. Ki ci gaba da gwadawa a gida, wata rana za mu zaɓo miki gajeriya. Ba na so ki sha wahala a gaban 'ya'yanki."

Wata daga baya ta ce ƙasa-ƙasa, "A bar 'yar aji ɗaya ta huta." Aka yi 'yar dariya. Na san muryar, kuma har yau in ta zo sayen shinkafa ba na yi mata gyara.

Ta gefena ma'aikaciyar asibiti ce, ta yi karatu mai zurfi. Ta ɗauki ayata ta karanta da sauri kamar mai kiran sunayen marasa lafiya, kuma ta haɗiye farkonta. Idonta ya tsallake layi. Ba wadda ta lura, har uwar zumunta, don tana duba agogo. Ni da na yi safiya bakwai a kan wurin, na lura.

Na ce, "Kin bar maganar raɓa."

Ta ce, "Na'am, Mama?"

"Akwai raɓa a farkon ayar. Kin tsallake ta. Koma ki duba."

Ta duba, ta ce, "Ayya, gaskiya ne," ta sake karantawa daidai. Na zaci daga nan uwar zumunta za ta ce, to, mai shinkafa, ɗauki ta gaba. Abin da ta ce shi ne, "Mata, mu tuna a ɗakin Ubangiji muke. In akwai gyara, ni zan yi. Nan ba kasuwa ba ce."

Kasuwa. Ni ce kasuwar. Mace mai warin hayaƙi da ta manta matsayinta.

Ban fita ba, don ba zan ba su labarin da za su yi ta juyawa ba. Na zauna har aka gama. Na dubi sauran 'yan'uwana da ake tsallakewa, kowace ta sunkuyar da kai a kan Littafin da ba ta san me ke ciki ba, kamar su suka yi laifi. Da aka yi addu'ar rufewa ban ce amin ba. Bakina ya ƙi.

Na isa gida gab da magariba, na tarar baban yara na gyaran ƙafar kujera a tsakar gida. Na gaya masa duka. Ya saurara, ya ajiye guduma, ya ce, "Ki yi haƙuri, Mamansu. Ai ba da nufi ta yi ba. Allah ya san kin iya."

Na ce, "Allah ya sani tun kafin in je. Ita nake so ta sani."

"To ai girman kai ke nan."

"Girman kai? Babansu, shekara nawa kana karanta mini kamar ana korarka, in ce maimaita ka ce sai Lahadi? Na taɓa ce maka girman kai ne? Ku masu karatu kun ɗauka naku ne. Ku ɗiba ku ci, ku gutsura mana abin da kuka ga dama, mu ce mun gode. Yau na kawo hannuna da kaina an buge shi, kai kuma kana ce mini haƙuri."

Ya ɗauki gudumarsa ya koma kan kujera. Haka yake yi in ya ga ruwan ya fi ƙarfinsa.

Hajja ta ji komai, ba yadda za a yi ta ƙi ji. Ta leƙo da butar alwala a hannu ta ce, "Mai shinkafa, yau kam har raguna sun yi shiru suna saurare."

Na ce, "Hajja, ba na wasa yau."

Ta ce, "Na gani. Amma in tambaye ki. Da muke dunƙule a bencin yara shekara biyu, don wannan mai tabarau kika yi?"

Na ce, "A'a."

"To."

Ta sauka ta tafi sallarta, ta bar ni da "to". Na san gaskiya ta faɗa, kuma gaskiyar ba ta rage mini komai ba. Ba don ita na koya ba, amma ita ta tsaya a gaban jama'a ta mayar da ni inda na fito.

Washegari da kiran asuba na tashi kamar kullum. Na hura wuta, na ɗora duro, na zauna, na buɗe Littafi inda na tsaya. Na ɗora yatsa. Harufan na nan, na san kowannensu, amma da na buɗe baki sai in ji muryar uwar zumunta. Na koma wata sura, haka. Na koma wurin da na fi so, wanda ko a cikin barci zan iya karantawa, sai ga biron nan yana wucewa ta gabana. Na rufe. Wata goma sha ɗaya, zazzaɓi bai hana ni ba, asarar duro ba ta hana ni ba, yau ga ni zaune da Littafi a rufe saboda mace ɗaya da murmushinta.

Wannan ya fi abin jiya tayar mini da hankali. Na san kaina. In na bar yau ta wuce, gobe ma za ta wuce, in wayi gari na koma mai riƙe Littafi a cinya don ado.

Sai na yi addu'a, in za a kira ta addu'a. Ban durƙusa ba, ban rufe ido ba. Na ce, "Ubangiji, ka ga abin da aka yi mini, ba sai na ba ka labari ba. Ina fushi, kuma ba zan yi maka ƙaryar cewa ya wuce ba. Yafewa, ka ba ni lokaci, zan zo wurin. Amma safiyar nan tawa ce da kai, ba zan bar ta a hannun matar nan ba. In abin da zan yi ba daidai ba ne, ka hana ni samun keke."

Na shiga ɗaki na ɗaura zane, na tashe baban yara. Na ce, "Ga duro nan a wuta. In ya fara tururi ka janye itace, ka rufe da buhu."

Ya ce, "Ina za ki da sassafen nan?"

Na ce, "Karatu."

Ina fita bakin titi, keke na farko ya tsaya, ba kowa a ciki.

Na sami uwar zumunta a tsakar gidanta tana ba zogale ruwa, da zanen gida a ƙirji, ba tabarau, ba biro. Da ta gan ni ta saki bokitin.

"Mai shinkafa! Lafiya? Wani ne ya rasu?"

"Ba wanda ya rasu, Mama. Ina kwana."

"Lafiya lau. To me ya faru?"

"Shiga ki ɗauko tabaranki da Littafinki. Jiya kin ce yamma ta yi. Yanzu ko bakwai ba ta yi ba, kuma ba mai neman keke."

Ta tsaya tana kallona, ruwa na bin ƙafarta. Ta ce, "Haba, 'yar'uwa, ai da kin bari mun yi magana ranar Lahadi."

Na ce, "Na sha jiran Lahadi. Daga ta ɗaya zan fara, har ƙarshe, kuma a hankali nake karatu, gara ki samu wurin zama. In na yi kuskure ki gyara mini, aikinki ne. In ban yi ba, ki yi shiru ki ji."

Ta juya ta shiga ɗaki. Ban sani ba ko tabarau ta je ɗaukowa ko mijinta, kuma ban jira in gani ba. Na jawo turmin da ke kife a gindin bango na zauna a bakin ƙofarta, na buɗe surar a cinyata, na ɗora yatsa a kan aya ta ɗaya, na ɗaga murya yadda za ta ji daga ciki, na fara.